Rediyon Sista

Ranar da Sista ta shiga kantin cin abinci na kamfanin sabulu ta tarar babu layi, sai da ta duba agogon hannunta ko ta yi sammako ne. Ba ta yi ba. Tsakiyar lokacin cin abincin rana ne, lokacin da a da mutum kan tsaya har ƙafarsa ta gaji kafin ya kai gaban tukunya. Yau kuwa bencina wayam, farantai a kife a jere. Ta taga ana hango ma'aikata suna tururuwa zuwa bakin ƙofar kamfani, wajen masu sayar da abinci na kan titi.

Mai kantin, wadda kowa ke kira Uwar Tukunya, tana zaune bayan teburinta da ludayi a hannu. Ta yi shekara da shekaru tana ciyar da kamfanin nan. Ta san wanda ba ya cin yaji, ta san mai son ƙanzo, ta san wanda za ta ƙara wa miya ba tare da ya roƙa ba.

"Sannu da aiki, Uwa," in ji Sista. "Yau ina mutanenki suka shiga?"

Uwar Tukunya ta zuba mata abinci ba ta ɗago ba. Sai da ta ajiye farantin sannan ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke kaɗai na faɗa wa. Ko 'yar da na haifa ban gaya mata ba."

Sista ta ce, "Me ya faru?"

"Wai ina da ciwon da ake ɗauka a abinci. Wannan ya ce tari ne, wancan ya ce na jini ne. Wata har ta rantse ta ga ƙuraje a hannuna. Ga hannun nan, duba."

"Ai ba shi ba ne, Uwa. Ni da ke mun san ba shi ba ne."

"To in hau kan tebur in gaya musu wanne ne?" Ta goge ludayin da gefen zanenta. "Ban ce kin ƙaga mini ba. Amma na shiga ɗakinki lafiya da mutuncina, na fito ana nuna ni da baki. Ki gaya wa likitan naki kada ya jira ni. Ƙafata ba za ta sake taka wurin nan ba."

Abin da ya kai Uwar Tukunya asibitin kamfani ba za a ji shi a cikin wannan labari ba, don ba ta ba kowa izinin faɗa ba. Abu biyu kawai ya kamata a sani. Na farko, ba ya yaɗuwa, ko a abinci ko a numfashi ko a gaisuwa. Na biyu, ba ya jira. Da ƙyar da lallashi Sista ta shawo kanta ta yarda za ta dawo ranar da likita ke zuwa, ya duba ta ya tura ta babban asibiti tun abin bai yi nisa ba. Yanzu ga shi ta ce ta fasa.

Sista ta koma bakin aikinta da farantin a hannu, ko loma ba ta kai baki ba. Ranta ya ɓaci, kuma ba tausayin Uwar Tukunya kaɗai ne ya ɓata shi ba. An taɓa ta ne a inda take taƙama. Ita ce ma'aikaciyar jinya ɗaya tilo a kamfanin, kuma in akwai abin da ta yarda ta iya fiye da allura, to riƙe sirri ne. Asibitin nata ɗakuna biyu ne a bayan sashen naɗe sabulu, kusa da tankin ruwa. Ƙaramin ɗakin na katunan marasa lafiya ne. Babban kuma na duba su ne, bangon katako ya raba shi da barandar da ake zaman jira, bangon da bai ma kai rufi ba. Ta yi wa Manaja maganar a gina na bulo har ta gaji, kullum ya ce sai baɗi.

Don haka ta yi nata tsarin. Makullin akwatin katuna yana rataye a wuyanta, ita ke buɗewa da safe ta rufe da yamma. Kati ba ya zama a teburinta sai a kife. Ba ta kiran sunan magani a baranda. In magana mai nauyi ta taso, takan miƙa hannu ta kunna ɗan rediyonta da ke kan taga don ya rufe muryarsu. A gida ma, in maigidanta ya tambaye ta yaya aiki, amsar ɗaya ce, aiki da godiya. Har yakan tsokane ta ya ce ya auri kwaɗon ƙofa.

To ta ina ya fita?

Ta zauna ta bi mutanen wurin ɗaya bayan ɗaya. Likita sau biyu yake leƙowa a mako, bai san fuskar kowa ba sai ya ga katinsa, yana shiga motarsa kuma ya manta. Tsohuwar da ke shara ba ta taɓa shiga ɗakin ba sai Sista na tsaye a kanta. Saura mutum ɗaya. Tun kafin lissafin ya iso kan wannan mutum ta san can za ta tsaya, shi ya sa ta yi ta kewaye-kewaye.

Auta ce, ƙanwar maigidanta, mai kula da katuna. Sista da kanta ta samar mata aikin, bayan surukarta Inna ta yi mata maganar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Yarinya ce mai kirki, ba ta makara, rubutunta kamar na inji. Sai dai baki. Auta za ta iya hira da bango har bangon ya amsa. Wayarta ba ta hutawa, dariyarta tana riga ta shiga ɗaki, kuma babu sashen kamfanin da ba ta da ƙawa a cikinsa.

Daga ranar Sista ta sa mata ido. Zargi kuwa in ya shiga ran mutum, komai ya gani sai ya zame masa shaida. Auta ta kife wayarta da Sista ta shigo, shaida ce. Auta ta daɗe a ɗakin katuna, shaida ce. Ta fito da wuri, nan ma shaida ce, wato ta karanta ta gama. Har hoda Sista ta taɓa barbaɗawa a hannun akwatin katuna don ta ga ko za a taɓa shi, ta manta cewa taɓa shi ne aikin da ake biyan yarinyar ta yi.

Wata safiya ta hango ta a bakin famfo da matan sashen naɗe sabulu. Sun kewaye ta, ɗaya tana dafa kafaɗarta tana yi mata raɗa, Auta tana girgiza kai tana ƙyalƙyala dariya. Sista na ƙarasowa kowa ya yi tsit, aka shiga wanke hannun da yake a wanke.

"Hirar me ake yi?" ta tambaye ta bayan sun shiga ciki.

"Shirme ne kawai, Anti. Kin san su."

"Na san su. Ke ce nake so in sani."

Auta ta dube ta da mamaki, ta yi 'yar dariya, ta ga ba a taya ta ba, ta koma kan katunanta.

A makon nan Manaja ya aiko a kira Sista. Ofishinsa yana sama, da na'urar sanyaya ɗaki da ƙofa mai kauri, irin ƙofar da in an rufe ta ko ihu kake ba a ji. Sista ta kalli ƙofar nan ta ji haushi ya taso mata.

"Zauna, Sista. Maganar mai kantin nan ce. Me ke damunta?"

"Ranka ya daɗe, ba zan iya faɗa ba."

"Ba gulma na kira ki mu yi ba. Lafiyar ma'aikata tana wuyana."

"To abin da ya shafi wuyanka zan gaya maka. Abincinta ba shi da haɗari ga kowa. Ni ma shi nake ci. In kana son likita ya tabbatar maka da haka, zai tabbatar."

Manaja ya karkata kai yana kallonta ta saman tabarau. "In babu komai, mene ne na ɓoyewa?"

"Ranka ya daɗe, kai ma kana da kati a wurina."

Ya yi gyaran murya ya gyara zama. Amma bai sauka ba. Ya ce shi dai ma'aikata suna fita waje cin abinci suna dawowa a makare, aiki yana tsayawa. In abin bai gyaru ba zuwa ƙarshen wata, zai ba wani kantin. Sannan ya jefo mata tambayar da take tsoro.

"Ke da kike riƙe sirri haka, ta ina maganar ta fita? Ai daga wurinku ta fito."

Da Sista ta ce ba ta sani ba, da gaskiya ta faɗa. Amma ita ba ta saba cewa ba ta sani ba a kan abin da ya shafi ɗakinta.

"Ina so a ɗauke mai katuna daga wurina," ta ce. "A mayar da ita sito ko wani wuri. Zan riƙe katunan da kaina."

Manaja bai tambayi dalili ba, don ya riga ya ɗauki amsarsa.

Da takardar canjin wurin aiki ta iso, Auta ta shigo ɗakin duba marasa lafiya da ita a hannu, idonta ya kaɗa.

"Anti, me na yi?"

"Ke kika san abin da kika yi."

"Maganar Uwar Tukunya ce? Wallahi ko buɗe katinta ban yi ba. Na miƙo miki a rufe, na karɓa a rufe."

"To me kuke ƙus-ƙus a bakin famfo?"

"Tambayata suke yi! Kullum sai sun tambaye ni, wane me ya kawo shi, wance me ke damunta. Ni kuma in mayar da abin wasa, in ce ciwon son jin gulma ne ke yawo, su zo a yi musu allura. Ya kike so in yi, in zage su?"

Amsar ta zauna daram, abin da ya ƙara wa Sista zargi ke nan. Ta ce a ranta, yarinyar nan ta shirya. A fili kuma ta ce, "Ajiye makullin aljihun tebur kafin ki fita."

Auta ta ajiye shi a hankali, ta ɗauki jakarta da kofin shayinta ta tafi.

A gida ma abin bai kwanta ba. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Da Sista ta je gaishe ta ranar hutu, sai ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Na ji an kai ƙanwarki ƙirgan kwalaye. Allah ya sa hakan ne alheri." Maigidan kuwa da suka dawo cewa ya yi, "Kin tabbata, ko kina zato?"

"Aikina ne. Kada ka sa baki."

"Ban sa ba. Ƙanwata ce dai, na san bakinta, na kuma san inda yake tsayawa."

Tambayarsa ta tsaya mata a rai. Ga kantin har yanzu ba kowa, ga ranar likita ta zo ta wuce Uwar Tukunya ba ta zo ba, wata ma ta zo ta wuce. Sista ta je kantin ta lallashe ta, ta ce an cire wadda ta fitar da maganar, ta dawo asibiti. Uwar Tukunya ta ce ta ji, ta ci gaba da yanka albasar da ba mai ci. Sista ta ga ba abin da zai dawo da ita sai hujja a hannu, ita ma kanta hujjar take nema don ta samu barci.

Duk wata magana ta kamfanin nan a motar ma'aikata take kwana take tashi, don haka ta aika a kira mata direban motar. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai fara'a, wanda tun da ya zo ko maganin ciwon kai bai taɓa karɓa ba. Ya wuce masu jira a benci yana yi musu barkwanci, ya shigo ya zauna. Sista ta tura ƙofa, ta miƙa hannu ta kunna rediyo, ta jawo maganar.

"Malam Direba, tsakani da Allah, a bakin wa ka fara jin zancen Uwar Tukunya?"

Fara'arsa ta ɗauke. Ya kalli taga, ya kalli ƙofa, ya ce shi zance a motarsa ba shi da uba, daga baya yake tasowa ya iso gaba, idonsa kuwa yana kan titi. Ta juya tambayar ta wannan gefe, ta juya ta wancan. Ko mai katuna ce? Ya ce bai sani ba, yana ta mutsu-mutsu a kujera kamar mai jin fitsari. Sista ta lura da haka ta ƙara riƙe shi. Ta ce a ranta, wannan ya san wani abu, rufa mata yake yi. Sai da ta ga ba za ta samu komai ba ta sallame shi, ya fita ba sallama.

Bai cika kwana uku ba ya dawo, ba a kira shi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa hula a hannu, jijiyar wuyansa a tashe.

"Sista, me na yi miki?"

"Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Yau makanikai sun ware mini kofina daban. Kujerar kusa da ni a mota ba mai zama. Matata ta kwana tana kuka, 'yar ƙanwar babanta da ke sashen naɗe sabulu ta kai mata labari. Ni da na shigo nan ƙalau!"

Sista ta miƙe. Ba ta ciro masa kati ba. Ba a yi maganar ciwo ba. Auta kuwa tana can sito, nesa da nan. Ta ce, "Wa ya ce kana da wani abu? Ai ba ka da komai."

"Kin kunna mini rediyo mana!"

"Na kunna maka me?"

Ya dube ta sosai, ya ga da gaske ba ta gane ba. Fushinsa ya ɗan sauka, ya koma kamar mai jin kunya a madadinta.

"Au, ba ki sani ba? Ai kowa ya sani. In mutum ya shigo da yankan yatsa ko ciwon kai, masu zaman benci suna jin ki kina yi masa faɗa ya riƙa shan ruwa. Amma ranar da mutum ya shiga muka ji rediyo ya tashi, sai kowa ya kalli na kusa da shi. Mun san babba ce. In ya daɗe a kunne, mun san ta ɓaci. Ba a jin abin da kuke cewa, gaskiya ne, sai kowa ya cike da nasa. Har magana ce a cikinmu, a ce wane an kunna masa rediyo. Na Uwar Tukunya kuwa, waɗanda ke benci ranar sun ce har aka gama labarai aka shiga waƙoƙi ba a kashe ba. Mai dafa mana abinci fa. Me kike so mutane su zata?"

"Me ya hana ka gaya mini ranar nan?"

"Kina ta yi mini tambaya kamar ɗan sanda, ni kuma hankalina yana kan abin nan, ina addu'a ki kashe. Na ɗauka kin sani, kina sane kike yi."

"Tun yaushe ake wannan maganar?"

"Ni dai na zo na tarar."

Bayan ya tafi, Sista ta kunna rediyon, ta fita baranda ta zauna a bencin da ba ta taɓa zama a kai ba duk shekarun nan. Ga muryar mai gabatar da shiri tana tsallako bangon katako tar, kamar mai shela. Ta fara tuno fuskoki. Mai walda da ya bar aiki ba dalili. Yarinyar ofishin albashi da aka fasa aurenta. Dattijon da ya daina zuwa karɓar maganinsa ta yi ta jin haushinsa. Ba ta san wanne ne nata a ciki ba, wanne ne ba nata ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Kunya ta rufe ta, ga baƙin ciki.

Sito ta fara zuwa. Ta sami Auta a tsakanin kwalayen sabulu, ta rame kaɗan, waya a aljihu. Sista ta gaya mata komai a tsaye, ba ta rage wa kanta ba, ta roƙe ta ta yafe mata, ta ce za ta je wajen Manaja a mayar da ita.

"Na yafe," in ji Auta. "Amma ki bar ni a nan. Kwali ba ya zargin mutum." Ta ɗaga wani ta ɗora a kan wani. "Sai an jima, Sista."

Tun Auta tana 'yar makaranta Anti take ce mata. Sista ta ji kalmar nan har cikin ƙashinta, ta juya ta fita.

Daga nan ta wuce kantin. Uwar Tukunya ta saurare ta har ƙarshe, hannu a haɓa.

"Wato ba wanda ya faɗa."

"Ba wanda ya faɗa, Uwa. Ni ce, da hannuna."

"Yarinyar nan kuwa tun da aka kai ta sito kullum a nan take cin abinci. Ita kaɗai, sai ke." Ta yi ajiyar zuciya. "To na ji."

"Za ki zo? Likita yana nan jibi."

"Na ce na ji."

Gyaran da ya rage wa Sista ɗaya ne, don ba ta da ikon tara mutane ta gaya musu gaskiyar ciwon wata. Washegari tana buɗe ƙofa ta kunna rediyo, ba ta kashe ba sai da ta tashi. Mai yankan yatsa, rediyo. Mai mura, rediyo. Mai gadin da ya shigo aron almakashi ma da rediyo ya fita. Masu benci suka rikice, aka rasa wa za a kalla. Da Manaja ya sauko a auna masa jini kamar yadda ya saba, ta ƙara murya har tagar na rawa, ta kuma riƙe shi da hira. Ya fito ya tarar da benci guda ana yi masa kallon tausayi, wata tsohuwar ma'aikaciya har da cewa Allah ya ba shi lafiya. Da aka yi masa bayani, bai yi dariya ba. A makon aka fara sauke bulo a bayan tankin ruwa, maganar ba wani kantin kuma ba a sake jin ta ba.

Direba ya yi nasa. Ya shiga kantin da rana ya sa aka cika masa faranti, ya zauna a bakin taga inda kowa zai gan shi, yana ci yana cewa shi ma ai an kunna masa, ga shi nan garau, wanda ya fi shi lafiya ya zo su yi kokawa. Makanikai suka biyo shi, masu naɗe sabulu suka biyo makanikai. Layi ya fara dawowa, ko da yake bai kai na da ba. Wasu har yau a titi suke ci.

Uwar Tukunya dai ba ta zo jibin ba. Ba ta zo na gaba ba. Sista takan tsaya a bakin ƙofa duk ranar likita tana duban hanyar kantin har motarsa ta tashi. Ta daina zuwa lallashi, don ta ga duk zuwan da ta yi idon mutane yana binta.

Sai wata safiya, ana tsakiyar aikin ginin, benci cike, ta ɗago kai ta gan ta zaune a layi kamar kowa, da tsohuwar jakarta a cinya. Ta jira har aka zo kanta. Ta shigo ta rufe ƙofa da kanta, ta zauna, ta dubi rediyon da ke ta surutu a kan taga.

"Rage abin nan, kaina yana ciwo. Ki matso kusa. Ai ba kurma ba ce ni."

Sista ta rage shi. Ta jawo kujerarta ta zagayo teburin, abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba duk shekarun nan, har gwiwarsu ta haɗu. A haka ko wanda ya manna kunne a katakon ba zai ji komai ba.

Uwar Tukunya ta kama hannunta ta kai shi inda abin yake. Sista ta taɓa, ta tuna yadda yake a ranar farko, ta kasa ɗago ido.

"Ya ƙaru, ko?" in ji Uwar Tukunya a hankali.

"Ya ƙaru, Uwa," in ji Sista. "Yau za mu tafi babban asibiti, ba sai likita ya zo ba."